Zanen Fitilu Masu Launi da Hazo a Hotunan Wasannin Waƙa

Zanen fitilu masu launi da hazo reshe ne na zane-zanen kwamfuta, wanda ake nuna dandamalin wasan waƙa da dare: mawaƙi a tsaye, sandunan haske ja da shuɗi suna saukowa daga sama, hayaƙi yana tashi a bayansa, 'yan kallo kuwa ba a ganin komai nasu sai inuwar kawuna. Irinsa ne ake gani a fostocin gala da na wasannin Sallah, da hotunan da ke rakiyar sababbin waƙoƙi a YouTube, da kyallayen talla na roba da ake kira fileks. Birnin Kano, cibiyar Kannywood, shi ne babbar kasuwar wannan aiki a Arewa, amma ya bazu zuwa garuruwa irin su Wudil, inda Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda aka kafa a 2001, take tara matasa masu riƙe da kwamfuta da waya. Masu biyan kuɗin aikin sun haɗa da 'yan kasuwa da ƙungiyoyi da masu shirya biki, kuma sanin ƙa'idojinsa yana taimaka musu su bambance hoton da ya ci kuɗinsa da wanda aka yi don a sallame su.

Dalilin da ya sa ake ganin haske a cikin iska

Ido ba ya ganin haske yana wucewa ta gefensa. Masanin nan na Basra, Ibn al-Haisam, wanda ya rubuta Kitab al-Manazir a ƙarni na 11, ya tabbatar da cewa haske yana tafiya a miƙe, kuma gani yana samuwa ne idan haske ya shiga ido. Saboda haka, fitilar da aka haska a cikin tsabtatacciyar iska, bakinta kawai ake gani da wurin da haskenta ya sauka. Abin da ke tsakani ba ya bayyana sai an sami ƙananan ƙwayoyi na ƙura ko hayaƙi ko tururi da za su warwatsa hasken, wani sashe nasa ya juyo zuwa ido. Masanin kimiyya ɗan ƙasar Ailan, John Tyndall, ya yi bincike a kan wannan a ƙarshen shekarun 1860, har ake kiran lamarin da sunansa.

Mutumin Wudil ba ya buƙatar ɗakin gwaji don ya shaida haka. Ranar Juma'a, ranar kasuwar shanu, idan magariba ta yi a lokacin hunturu, ƙurar kofato da hazo sukan cika iska, sai fitilun manyan motocin da ke bin hanyar Kano zuwa Maiduguri su miƙe kamar dogayen sanduna farare. Fitilun nan dai, bayan an ɗauke ruwan sama a watan Agusta, kwalta kawai suke haskawa. Ƙa'idar farko ta wannan zane ke nan: inda babu hazo, babu sandar haske, inda hazon ya yi kauri kuma nan sandar take ƙara fitowa.

Daga aci-balbal zuwa fitilun zamani

A zamanin da su Mamman Shata suke tashe, wasan dare a yawancin garuruwan Hausa farin wata da aci-balbal ne suke haska shi, kafin janareta ya yawaita. A Turai kuwa, gidan wasan kwaikwayo na Savoy da ke Landan ya koma amfani da lantarki gaba ɗaya tun 1881. Shekara ɗari bayan haka, a 1981, ƙungiyar mawaƙa ta Genesis ta fara amfani da fitilun Vari-Lite, masu juyawa da sauya launi da kansu, a wani wasa da ta yi a Basalona. A 1986 aka fito da tsarin DMX512, wanda ya ba da damar sarrafa fitilu da yawa daga teburi ɗaya. Abin da ya kawo waɗannan fitilu har ɗakunan biki na Kano shi ne arahar ƙwan LED, bayan da aka gano hanyar samar da shuɗinsa mai haske, aikin da ya jawo wa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel a 2014.

Hayaƙin dandamali iri uku ne, kuma kowanne da kamanninsa a zane. Akwai mai kauri, wanda inji yake fesowa bayan ya zafafa ruwan da aka gauraya da gilisarin ko gilaikol. Wannan yakan tashi curi-curi kamar gajimare. Akwai siriri, wanda yake bazuwa daidai wa daida a cikin ɗaki har ba a lura da shi, aikinsa kawai ya fito da sandunan haske. Na uku shi ne mai kwanciya a ƙasa, wanda akan samar da busasshiyar ƙanƙara, wato daskararriyar iskar kabon, mai sanyin digiri 78.5 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos. Sanyinsa ne yake sa shi malala a dandamali iyakar idon sawu ko gwiwa.

Haɗuwar launukan haske

Launukan haske ba sa haɗuwa irin haɗuwar fenti ko rini. Wanda ya gauraya jan fenti da kore zai sami wani launi mai duhu kamar laka. Wanda ya haɗa jan haske da kore a kan farin bango kuwa rawaya zai gani. Ja da shuɗi suna ba da wani launi tsakanin shunayya da ruwan hoda, kore da shuɗi suna ba da shuɗi mai haske da ratsin kore, idan kuma ukun suka haɗu sai a sami fari. A kan wannan tsari fuskar waya da ta talabijin suke aiki. Don haka duk inda sanduna biyu suka gitta juna a zane, wurin ya kamata ya fi kowane sashe nasu haske.

Launin tufafi ma yana sauyawa. Farar babbar riga tana ɗaukar launin duk fitilar da ta haska ta. Hular dara ja, a ƙarƙashin koren haske, kusan baƙa take komawa, domin babu jan da za ta mayar wa ido. Shadda mai sheƙi takan mayar da haske tsiri-tsiri a kan ninkinta, yadin da ba ya sheƙi kuwa yakan karɓe shi a shimfiɗe. Fatar baƙin mutum tana nuna launin fitila sosai a goshi da kumatu da doron hanci. Mai zanen da ya goge ba ya farfara fuskar mawaƙi don ta fito. Yakan ja siririn layin haske a gefen kai da kafaɗa, kamar dai fitilar bayan dandamali ce ta zana shi, sai mutum ya rabu da duhun da ke bayansa.

Yadda ake gina hoton

Manhajojin da aka fi amfani da su sun haɗa da Photoshop, wadda ta fito a 1990, da CorelDRAW da ta yi kaka-gida a shagunan ɗab'i na Najeriya, da Krita da ake saukewa kyauta, da ibisPaint ga masu aiki da waya. Dukkansu suna ba da damar yin zane falle-falle, kamar a jera gilasai a zana abu ɗaya a kan kowanne, ta yadda za a gyara ɗaya ba tare da an taɓa sauran ba.

Akan fara da duhu, kuma ba baƙi wuluk ba: shuɗi ko shunayya mai duhu sosai ya fi dacewa, domin iskar ɗakin wasa ba ta rasa ɗan haske. Daga nan sai a tsai da wurin kowace fitila, tun da daga nan ne inuwa da haske za su ɗauki alƙiblarsu. Sai hazo, wanda akan shimfiɗa kashi uku, na bayan mawaƙi da na kewayensa da ɗan kaɗan a gabansa, abin da yake ba hoton zurfi. Bayan haka ne ake jan sandunan haske a wani falle dabam, a zaɓa masa tsarin haɗi mai ƙara haske, irin wanda manhajojin suka rubuta wa Screen ko Add.

Sandar haske siririya ce a bakin fitila, tana faɗi tana dushewa yayin da take nisa. Ƙa'idar lissafi ita ce, idan nisa daga fitila ya ninka, ƙarfin hasken yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Tsakiyarta kusa da fitila takan yi kusan fari, cikakken launin yana gefe-gefe. A ƙarshe akan ɗan goge wasu sassanta, domin hazo ba ya zama da kauri ɗaya ko'ina. Launi biyu, ɗaya mai zafi kamar ruwan goro ɗaya mai sanyi kamar shuɗi, sun wadatar da yawancin hotuna. Wanda ya zuba launi shida ko bakwai, da wuya mai kallo ya san inda zai ajiye idonsa, kuma sunan mawaƙi da ranar wasa sukan ɓace a cikin hayaniyar.

Daga fuskar kwamfuta zuwa maɗaba'a

A nan ne masu ba da aiki suka fi yin asara. Fuskar kwamfuta haske take fitarwa, takarda da fileks kuwa tawada ce a kansu, iri huɗu: shuɗi mai haske, ja mai ratsin shunayya, rawaya da baƙi. Tawada ba ta iya kaiwa ga ƙyallin shuɗi da shunayyar da ake gani a waya, don haka hoton da ya ɗauki ido a allo yana iya fitowa a dushe, hazonsa ya cushe ya zama dabbare-dabbare. Maganinsa shi ne mai zane ya juya hoton zuwa tsarin launukan ɗab'i, wanda ake kira CMYK, ya gyara shi a haka, mai aikin kuma ya nemi a buga masa ɗan samfuri kafin a buga duka.

Fosta da katin gayyata da ake riƙewa a hannu suna buƙatar ɗigo 300 a kowane inci, babban kyallen da ake hangowa daga nesa kuwa ƙasa da haka ya ishe shi. Tura hoto ta WhatsApp a matsayin hoto yana matse shi, abin da ya fi lalacewa kuma shi ne hazo, wanda yakan rabu layi-layi maimakon ya narke a hankali. Tura shi a matsayin fayil yana kiyaye ingancinsa.

Akwai kuma batun amana. Zane yana iya nuna dandamali mai fitilu hamsin alhali wurin da za a yi wasan ƙwai huɗu ne da janareta ɗaya, kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun sauƙaƙa irin wannan ƙari. Ƙawata fosta ba laifi ba ne, amma wanda ya sayi tikiti saboda abin da ya gani a bango zai gwada shi da abin da ya tarar, kuma sunan mai shirya wasan ne a rubuce a ƙasan fostar, ba na mai zane ba.