Dogon hutu a bakin teku: abin da iyalan Abuja za su sani kafin tafiya da matasa

Dogon hutun makarantu a Babban Birnin Tarayya, kamar sauran sassan ƙasar nan, yakan fara daga ƙarshen watan Yuli ya kai farkon Satumba. Bisa al'ada iyalai da dama gida suke kai yara, Kano ko Katsina ko Sakkwato, su ga kakanni. Wasu kuwa sukan so su nufi kudu, domin yaron da ya tashi a Kubwa ko Gwarimpa, wanda babban ruwan da ya sani bai wuce tafkin Jabi ko madatsar Usuma ba, ya ga teku da idonsa. Gaɓar tekun Najeriya ta kai kimanin kilomita 850, daga iyakar Benin kusa da Badagry zuwa jihar Kuros Riba. Sai dai tafiya da ɗan shekara 13 zuwa 18 ba ɗaya take da tafiya da ƙananan yara ba: shi yana da ra'ayinsa, yana da waya a hannu, kuma yana ganin ya isa shiga ruwa ba tare da an riƙe shi ba.

Lokacin tafiya

Abu na farko da ake mantawa shi ne hutun nan tsakiyar damina yake faɗowa. Watannin da Turawa ke zuwa bakin teku shan rana, mu a nan watannin ruwa ne. Yuni da Yuli su ne mafi yawan ruwan sama a Legas, har wasu unguwannin Lekki da tsibirin Biktoriya sukan cika da ruwa. Amma kudu maso yamma na da wata 'yar rangwame: daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Agusta ruwa kan ɗan tsagaita na makonni, kafin ya dawo a Satumba. Wannan tsagaitawar ita ce lokacin da ya fi dacewa da Legas da Badagry. Kalaba ba ta cika samun irin wannan sauƙin ba, domin tana cikin garuruwan da suka fi samun ruwan sama a ƙasar nan, kusan milimita 3,000 a shekara. Hasashen Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, yana da amfani a duba shi kwana biyu ko uku kafin a tashi.

Akwai kuma kalandar yaran su kansu. Galibi a watan Agusta sakamakon jarrabawar WAEC ke fitowa, jami'o'i kuma su fara tantance masu neman gurbi. Iyalin da ke da ɗalibin da ya kammala sakandare ya kamata su tafi da kwafin takardunsa, kuma kada su sayi tikitin da ba a iya canza ranarsa.

Ba kowane garin gaɓa ne ke kan teku ba

Mutum zai iya zuwa Kalaba ko Fatakwal ya dawo bai ga igiyar teku ko ɗaya ba. Kalaba a bakin kogi take, Fatakwal kuma a cikin ƙoramun yankin Neja Delta, da tazara tsakaninta da buɗaɗɗen teku. Wanda burinsa rairayi da igiyar ruwa, Legas da Badagry zai nufa, ko kuma gaɓar Ibeno da ke kusa da Eket a jihar Akwa Ibom. Gara a warware wannan da yara tun a gida, kafin a sauka wani ya ce an yaudare shi.

Hanya

Jirgin sama daga filin Nnamdi Azikiwe zuwa filin Murtala Muhammed da ke Ikeja kimanin awa ɗaya ne, haka ma kusan zuwa Uyo ko Kalaba. Ga iyali mai mutum biyar ko shida kuɗin tikiti shi ne kaso mafi tsoka na kasafin tafiyar, musamman da yake matashin da ya haura shekara 12 kuɗin babba ake karɓa a kansa.

Ta mota, daga Abuja zuwa Legas ta Lakwaja da Okene da Akure da Ibadan kimanin kilomita 750 ne, tafiyar wuni cur. A fita bayan asuba, kada a yi tafiyar dare, kuma idan direba ɗaya ne a kwana a Akure ko Ibadan. Yankin Koton Karfe da Lakwaja, inda kogin Kwara ya haɗu da Binuwai, ya sha ambaliya: a 2012 da kuma 2022 ruwa ya datse hanyar, matafiya suka kwana a kan titi. Wannan ya fi faruwa a Satumba da Oktoba, saboda haka ranar dawowa ta fi ranar tafiya buƙatar lura. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗura ita ce 122, ta ƙasa baki ɗaya kuma 112.

Babu jirgin ƙasa na zamani da ke zuwa Legas kai tsaye daga Abuja. Amma wanda ya kwana a Ibadan zai iya ƙarasawa da jirgin da aka buɗe a watan Yunin 2021, daga tashar Moniya zuwa Ebute Metta, tafiyar da yara kan ji daɗinta fiye da cunkoson babbar hanya.

Legas da Badagry

Legas ita ce hedikwatar ƙasa har zuwa 12 ga Disamba, 1991, lokacin da aka dawo da ita Abuja, don haka yaron Abuja garin da ya gada ne zai je ya gani. A gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957, akwai motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, da ramukan harsashi a jikinta. Shi ne shugaban da gwamnatinsa ta yanke shawarar gina Abuja kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa. Ba nisa da nan akwai Freedom Park, tsohon kurkukun Turawan mulki da aka mayar wurin shaƙatawa a 2010, da masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894. Ga masu son motsa jiki, gandun dajin Lekki da aka kafa a 1990 yana da gadar igiya mai tsawon mita 401 da ke ratsa saman itatuwa, ƙarƙashinta birai na yawo. A je da safe, kafin hadari ya haɗu.

Bahaushe ba baƙo ba ne a Ikko. Agege da Idi-Araba da Obalende da kasuwar Mile 12 duk suna da tsofaffin al'ummomin Hausawa da sarakunansu. Rundunar da Gwamna Glover ya kafa a Legas a 1863, wadda aka fi sani da Hausawan Glover, ita ce ake ɗauka tushen sojan Najeriya. Iyalin da yaransu suka gaji da baƙon abinci za su sami tuwo da masa da tsire a waɗannan unguwanni ba tare da wahala ba.

Babban abin da ke cinye hutun Legas shi ne cunkoso. Wanda ya sauka a Ikeja yana son zuwa Lekki kullum, rabin hutunsa a kan gadar nan ta uku mai tsawon kilomita 11.8 zai ƙare. A zaɓi masauki kusa da wuraren da za a fi zuwa, a kuma tsara wuri ɗaya ko biyu kacal a rana. Ya kamata a san cewa shahararriyar gaɓar Bar Beach da iyaye suka sani a da ta tafi, an cike wurin an gina Eko Atlantic, kuma aikin babbar hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba ya taɓa wasu wuraren shaƙatawa tun 2024. Yawancin gaɓoɓin da suka rage a Lekki na 'yan kasuwa ne, ana biyan kuɗin shiga. A ƙarshen mako da yamma sukan koma wurin kiɗa da shaye-shaye, don haka safiyar ranakun aiki ta fi dacewa da iyali.

Badagry kuwa ta cancanci wuni guda ita kaɗai, kuma a ganina ita ce wurin da ya fi barin wani abu a zuciyar matashi. Nan ne benen da aka kammala a 1845, da gidan ajiye bayi na Seriki Williams Abass, da sarƙoƙi da marin da iyalin Mobee suka adana. Ana tsallaka ruwa da kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, a taka da ƙafa cikin rairayi har bakin teku, hanyar da bayi suka bi zuwa jiragen da suka tafi da su ba dawowa. Labarin bai tsaya ga mutanen kudu ba. Cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓa akwai Hausawa da yawa da aka kai Bahiya a ƙasar Burazil, inda suka shirya tawaye a 1807, wasunsu kuma suka shiga babban boren Musulmin bayi na 1835. Daga Badagry ɗin ne kuma Bature Kilafatan ya kama hanya a watan Disambar 1825, ya bi ta Kano ya isa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu kusa da Sakkwato a 1827. Yaron da ya karanta wannan a aji zai tsaya a daidai inda tafiyar ta soma.

Kalaba

Kalaba gari ne mai natsuwa, ya fi Legas sauƙin zirga-zirga nesa ba kusa ba. Ita ce hedikwatar Kudancin Najeriya kafin a mayar Legas a 1906. Gidan Razdan na da, wanda aka ƙera sassansa a Birtaniya aka kafa a 1884, yanzu gidan tarihi ne a kan tudu mai kallon kogi. Akwai gidan tarihin cinikin bayi a Marina, da makarantar Hope Waddell da aka kafa a 1895, inda Nnamdi Azikiwe ya yi karatu. Unguwar Hausawa ita ce Bogobiri, akwai masallaci da masu tsire. Bikin nan na Kalaba a watan Disamba ake yin sa, wanda ya zo a Agusta ba zai same shi ba. Miyar afang da edikang ikong sun shahara, amma akan sa musu katantanwa da nama iri-iri, saboda haka mai kiyaye abin da yake ci ya tambaya kafin a zuba.

Teku ba kogi ba ne

Nan ne haɗarin tafiyar yake. Yaron da ya iya iyo a kududdufi ko wurin wankan otal yakan ɗauka ya iya ruwa. Gaɓar Atilantika a Najeriya tana da gangare, igiyarta na da ƙarfi, kuma a damina take ƙara hauka. Ruwan da igiya ta tara a bakin gaɓa yakan nemi wata 'yar siririyar hanya ya koma ciki da gudu. Abin yaudarar shi ne wannan hanyar ita ce ta fi kama da wuri mai lafiya, domin igiya ba ta fashewa a kanta, ruwan ya yi duhu ya kwanta. Wanda ta ja kada ya yi kokawa da ita yana neman komowa kai tsaye, gajiya ce ke nutsar da mutane. Ya saki jiki ya yi ta iyo a kaikaice, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga jan ruwan, yana ɗaga hannu. Wanda ke tudu kuma kada ya faɗa ceto da hannu sake. Ya kira masu ceto, ya jefa abin da ke iyo. Sau da yawa asarar rai biyu daga nan take tasowa.

Ƙa'idar da ta dace a gindaya tun a mota ita ce kada ruwa ya wuce gwiwa inda babu masu ceto, kada a juya wa teku baya don ɗaukar hoto, kada a hau duwatsun da aka jera don tare ruwa. Teku yana cikowa ya janye sau biyu a kowace rana, inda aka shimfiɗa tabarma da hantsi zai iya zama cikin ruwa da azahar. Doguwar riga da mayafi idan suka jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa, don haka 'yan mata su sa tufafin da ke suturtawa amma ba sa jan ruwa. Tarkwa Bay, wadda ake zuwa da jirgin ruwa, tana da kariya kuma ruwanta ya fi kwanciya. Duk jirgin da za a shiga, kowa ya sa rigar kariya ya ɗaure ta, kada a yarda da lodin da ya wuce kima, kuma a dawo kafin magariba. Sauron gaɓa ma ba wasa ba ne. A tafi da gidan sauro da maganin shafawa, zazzaɓin da ya biyo bayan dawowa kuma a gwada jini.

Su matasan

Matashin da aka ja shi tafiyar da ba a shawarce shi ba, waya zai rungume daga Abuja har Abuja. Ba kowannensu rana ɗaya ya zaɓi wurin zuwa, a damƙa wa ɗaya lissafin kuɗi, ɗaya kuma duba taswira. A ba kowa kuɗin kashewarsa tun ranar farko ya san iyakarsa. Kowane yaro ya haddace lambar mahaifi ko mahaifiya ya kuma riƙe sunan masauki a takarda, domin waya na mutuwa, ana kuma fizge ta a kasuwar Balogun kamar yadda ake yi a Wuse.

Wanda ke son tsallaka iyakar Seme zuwa Kwatano ko Lome ko Akra, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar zama har kwana 90 ba tare da biza ba. Kowane yaro sai da fasfonsa ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara. Idan uba ko uwa kaɗai ke tafe da yaran, takardar amincewar ɗayan tana rage tsaiko a bakin iyaka. A unguwar Zango ta Kwatano da Nima ta Akra da Hausa ake ciniki.