Maimaici 68 ko 38: Tarihin Hutu a Cikin Karatu

A shekarar 1879 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya mayar da kansa zakaran gwajin dafi. Ya ƙirƙiro gaɓoɓin sauti marasa ma'ana sama da 2,000, ya riƙa jera su yana haddacewa, yana ƙirga sau nawa ya maimaita kafin su zauna masa. Marasa ma'ana ya zaɓa da gangan, don kada abin da ya riga ya sani ya kawo masa ɗauki.

An fi tunawa da littafinsa na 1885 saboda bayanin yadda mantuwa ke cin karatu da gaggawa a sa'o'in farko, sannan ta lafa. Amma akwai wani sakamako a ciki da ya fi shafar ɗalibi. Jerin gaɓoɓi 12 da ya maimaita sau 68 a zama guda bai fi zama a kansa ba a kan wanda ya maimaita sau 38 kacal, a rarrabe cikin kwana uku. Tazarar da ya bari tsakanin zama da zama ta rage masa kusan rabin wahala.

A 1900, Georg Müller da Alfons Pilzecker suka kawo dalili: sabon abin da aka koya yana bukatar lokaci kafin ya kafu, tamkar simintin da bai bushe ba. Idan aka ɗora masa wani karatun nan take, sai ya raunana.

To me ya sa har yau ɗalibai ke kwana a kan littafi daren jarrabawa? Ma'aikatan gidan waya na Birtaniya sun ba da amsa. A binciken da Alan Baddeley da abokin aikinsa Longman suka wallafa a 1978, an koya musu buga keken rubutu. Waɗanda ke yin sa'a ɗaya a rana sun ƙware cikin jimillar sa'o'i kaɗan fiye da masu yin sa'a huɗu, kuma abin ya fi daɗewa a hannunsu. Sai dai da aka tambaye su, su ne suka fi nuna rashin gamsuwa da tsarin, domin kwanakinsu sun fi yawa, ci gaban kuma ba ya bayyana a idonsu. Masu sa'a huɗun, waɗanda suka fi asarar lokaci, su ne suka fi yaba nasu.