Ruwa, hatsi da doka: abin da ya raba giyar Legas da ta Dublin

A farkon shekarar 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da sha'ir da tsironsa cikin Najeriya, domin tsimin kuɗin waje a zamanin shirin SAP. Matakin ya sauya ɗanɗanon giyar ƙasar, ya kuma ƙulla igiya tsakanin kamfanonin Legas da manomin dawa na Arewa, wanda galibi bai taɓa kai kwalba bakinsa ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a tarihin sana'ar. Abin da mashaya ke kira ɗanɗanon garinsu, yawanci ruwan garin da hatsinsa da hukuncin mahukuntansa ne suka haife shi, kuma Turai ce ta fara nuna haka.

A 1516 sarakunan Bavariya, a kudancin Jamus ta yau, suka zartar cewa ba za a haɗa giya da komai ba sai ruwa da sha'ir da furen hops, wata shuka mai yaɗo da ke ba ta ɗaci. Jamusawa na tinƙaho da ita a matsayin dokar tsabta, amma ɗaya daga cikin manufofinta shi ne a bar wa masu gasa burodi alkama, kada tukunyar giya ta tsawwala kuɗin abinci. A Beljiyam, inda dokar ba ta kai ba, aka ci gaba da zuba alkama da ɓawon lemo da 'ya'yan itatuwa, bambancin da ake ji har yau.

Ruwa ma ya yi nasa aikin. Rijiyoyin garin Burton-on-Trent na Ingila cike suke da ma'adinin jibsam, wanda ke fito da ɗacin hops sarai, har masu sana'ar a wasu garuruwa suka riƙa zuba shi a ruwansu don su kamo Burton. Ruwan Munich mai zartsi ya fi dacewa da tsiron da aka gasa ya yi duhu, sai garin ya shahara da giya mai launin ƙasa. Na Pilsen kuwa, a ƙasar Cek ta yanzu, kusan ba shi da ma'adini, kuma da shi ne Josef Groll ya dafa giya garau mai ruwan zinariya a 1842. Ita ce kakar yawancin giyar kwalba ta duniya, har da Star da aka fara yi a Legas a 1949.

Guinness ta bi wata hanyar. Arthur Guinness ya kama hayar masana'antarsa a Dublin a 1759, kuma wadda kamfanin ke aikawa ƙetare akan ƙara mata ƙarfi da hops don ta jure doguwar tafiyar teku. Da wannan nau'in Afirka ta Yamma ta saba. Shi ya sa da aka buɗe masana'antar Ikeja a farkon shekarun 1960, shi aka ci gaba da yi: ƙarfinsa kashi 7.5 cikin ɗari, alhali wanda ake zubawa a kofi a Dublin bai wuce kashi huɗu da 'yan kai ba.

Kafin zuwan kwalba, ƙasar nan na da tata giyar. Burukutu da fito, waɗanda mata ke dafawa da tsiron dawa a Filato da kudancin Kaduna da ƙauyukan Maguzawa, suna da 'yan uwa a arewacin Gana da Kamaru da Burkina Faso. Suna da tsami da kauri, ba a sa musu hops, kuma ba sa daɗewa ba su lalace ba, don haka ba su yi nisa da unguwar da aka dafa su ba. Kamfanonin zamani kuwa ba da dawa suka dogara ba. Sha'ir ɗin Turai suke saukewa a tashar jirgin ruwa, har ranar da aka rufe ƙofa.

Sauyin bai zo da sauƙi ba. Sha'ir na da ƙaiƙayi manne da ƙwayarsa, wanda ke zama matata idan an zo tacewa, dawa kuwa ba ta da shi. Tsironta bai kai na sha'ir iya mayar da gari sukari ba, garinta kuma sai da wuta mai ƙarfi yake nuna. Dole kamfanoni suka sake injuna, suka koma sayen sinadaran da ke cike giɓin, suka kuma nemi irin da ya fi yin tsiro mai kyau, kamar gajeriyar kaura SK5912 ta Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, Zariya. Daga baya an sassauta haramcin, amma dawa ta riga ta zauna: ta fi araha, kuma bakin mashaya ya saba. Yau 'yan Najeriya mazauna Landan kan nemi Guinness ta gida da sunanta, su bar ta Dublin a kan kanta.

Batun ya wuce mashaya, domin da tsiron hatsi ake yin lemon malt marar sa maye da ake rabawa a biki da suna a Kano da Sakkwato, kuma kamfanonin giyar ne ke yin fitattun cikinsu, irin su Maltina da Malta Guinness. Buhun da ya bar gona ya bi ta hannun dillalai, manomi bai san ko tuwo zai zama, ko lemo, ko abin da addininsa ya haramta ba. Jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci daga 1999 sun hana sayar da giya, amma ba su hana dawa tafiya kudu ba. Babban mai saye alheri ne ga manomi a lokacin kaka, sai dai shi ne abokin takarar maigidan da ke awo da kwano idan damina ta kama, rumbu ya yi ƙasa. Rigimar da sarakunan Bavariya suka raba da doka a 1516, tsakanin hatsin ciki da hatsin tukunyar giya, a nan farashi aka bar wa ita, a kasuwanni irin su Dawanau.