Tarihin Yanke Doguwar Jumlar Lissafi a Fagen Ɗab'i

1.0 Gabatarwa

Jumlar lissafi, kamar kowace jumla, tana da sassa da gaɓoɓi, kuma alamar daidai (=), wadda Robert Recorde ya ƙirƙiro a 1557, ita ce ke ɗaure ɓangarorinta biyu. Matsala kan taso ne idan tsawon jumlar ya zarce faɗin shafi. Wannan muƙala za ta bi diddigin yadda aka tunkari matsalar, domin nuna cewa ma'ana ce ke hukunta inda za a yanke.

2.0 Zamanin Haruffan Darma

A lokacin da ake jera haruffan darma, lissafi na cikin ayyuka mafiya wuya da tsada a maɗaba'a. Dabarun da masu ɗab'i suka gada an tattara su a littattafai irin su The Printing of Mathematics (Oxford, 1954) da Mathematics into Type na Ellen Swanson (1971). Ƙa'idar ita ce: idan jumlar tana cikin zance, a yanke bayan alama, idan kuwa an keɓe ta a tsakiyar shafi, a yanke kafin alama, sannan a jera alamomin daidai ɗaya ƙarƙashin ɗaya, yadda ido zai bi hujja mataki-mataki. Yankewa cikin baka-biyu abin gudu ne, domin takan raba abin da ke haɗe. A Rasha kuwa, al'adar ita ce maimaita alamar a ƙarshen layi da farkon na gaba.

3.0 Zamanin Kwamfuta

A 1977 Donald Knuth na Jami'ar Stanford ta Amurka ya ga yadda ɗab'in sabon bugun littafinsa ya lalace bayan an bar darma, sai ya ƙirƙiro manhajar TeX. Abin lura shi ne, manhajar takan yanke lissafin cikin zance da kanta, amma keɓaɓɓiyar jumla sai marubuci ya nuna mata gaɓa, saboda Knuth ya ɗauki wannan a matsayin aikin wanda ya fahimci abin da ake faɗa.

LaTeX na Leslie Lamport ya zo da tsarin eqnarray, wanda kan bar wawakeken fili a gefen alamar daidai, wani lokaci ma lambar jumla ta hau kan jumlar. Ƙungiyar Masana Lissafi ta Amurka ta gyara wannan da AMS-LaTeX a 1990, inda align ke jera layuka a kan alama guda, multline kuma ke shimfiɗa jumla ɗaya daga hagu zuwa dama. A ƙarshen shekarun 1990 Michael Downes ya samar da breqn domin yankewa kai tsaye, amma bai maye gurbin hannun marubuci ba.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa na'ura ta karɓe jeren haruffa da auna fili, ta bar wa ɗan Adam zaɓen gaɓa. Ga masanin harshe wannan ba baƙon abu ba ne, domin mai raba kalma a ƙarshen layi ma dole ya san gaɓoɓinta tukuna.