Kundin Bashi da Fuskarsa: Daga Fataken Bebeji Zuwa Allon Waya

A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja. Bashi ne ƙashin bayan kasuwancin da ya taso a cikinsa: ubangida ya ba yaronsa jari, yaro ya yi wata da watanni a kan hanya, ya dawo a zauna a yi lissafi. Abin da ke riƙe da wannan amana shi ne ƙwaƙwalwa da shaidu, sai kuma takardar da wani malami ya rubuta da Larabci ko ajami. Bayan Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, sannu a hankali boko ya zama rubutun ofis da kanti. Bashin bai canza ba, wane na bin wane kaza. Hanyar karanta shi ce ta canza, har aka wayi gari jika yana riƙe da takardar kakansa, yana neman wanda zai karanta masa.

Wannan tarihin nake tunawa duk lokacin da mai sayar da taki a Tudun Wada, ko dillalin masara a Kwanar Ɗangora, ya yi niyyar mayar da kundinsa cikin kwamfuta, aka shiga gardamar harshen da za a rubuta masa manhajar. Irin wannan manhaja kashi biyu ce. Akwai rumbun bayanai, inda sunaye da buhuna da basussuka ke ajiye. Akwai kuma fuska, wato allon da yaron shago ke gani yana cikewa. A kan fuskar ake gardama, kuma ita ce ta fi saurin mutuwa.

A farkon shekarun 1980, dBASE ta haɗa rumbu da fuska a wuri guda, ƙananan 'yan kasuwa a Amurka da Turai suka rungume ta. Clipper da FoxPro suka bi sawunta. Kamfanin Microsoft ya fito da Visual Basic a 1991, sannan a 1992 ya sayi masu FoxPro, ya kuma fito da Access. Visual Basic 6 na 1998 ya samu karɓuwar da ba a saba gani ba, domin ko ɗan koyo zai iya jawo akwati da maɓalli ya jera su a allo cikin yini guda. Amma a 2002 kamfanin ya kawo magajinsa, wanda ba ya ɗaukar tsofaffin manhajoji sai an yi musu gyara mai yawa, a 2008 kuma ya janye tallafi daga kayan aikin tsohon. FoxPro ma a 2007 aka sanar cewa ba za a sake fitar da sabo ba. Waɗanda suka gina shagunansu a kan waɗannan harsuna ba su yi wauta ba. Abin da ya fi kyau a zamaninsu suka zaɓa.

Rumbun kuwa yana nan. Tsarin jera bayanai cikin jadawali da Edgar Codd na IBM ya bayyana a 1970, da harshen SQL da aka daidaita a 1986, su ake amfani da su har gobe.

A ganina, mai shago a Kiru ko Doguwa bai kamata ya fara da tambayar wane harshe ya fi ba. Ya tambaya: idan matashin da ya rubuta manhajar ya tafi bautar ƙasa, ko ya samu aiki a Abuja, wa zai gyara ta? Nan JavaScript ya yi zarra. Brendan Eich ya tsara shi cikin kwana goma a 1995, kuma gaggawar ta bar masa tabo, amma kowace waya mai burauza tana jin sa, masu iya shi kuma ba su da wuyar samu a Kano. Sai dai fuskar da ba ta buɗewa sai da intanet za ta ba mutum kunya ranar kasuwa idan sabis ya ɗauke. Shi ya sa SQLite, ɗan ƙaramin rumbun da ya fito a 2000 kuma yake cikin kowace wayar Android, ya dace da mu: a rubuta a waya, a aika idan sabis ya dawo. Shagon da kwamfuta ɗaya ke gare shi kuwa, Access ya ishe shi, ko da matasa za su ce tsohon yayi ne.

Akwai wata jarrabawa tamu ta Hausawa. Tsofaffin manhajoji ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, alhali a rumbun hatsi bari daban, ɓari daban. Kafin a biya kuɗin aiki, a sa mai manhajar ya shigar da sunan Ɗanladi, ya nemo shi, sannan ya fitar da dukkan basussukan cikin fayil ɗin da Excel zai buɗe a wata kwamfutar da ba tasa ba.