Harajin ma'aurata: a haɗe ko a rarrabe?

A Najeriya doka ba ta haɗa kuɗin shigar miji da na mata wajen yanka haraji. Kowannensu ana lissafa masa nasa ne shi kaɗai, kuma yana biya ga jihar da yake zaune a cikinta.

Don haka a garin Illela na jihar Sakkwato, wanda ke bakin iyaka da Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar, ɗan kasuwar da ke fataucin albasa da matarsa malamar makaranta masu biyan haraji ne guda biyu a wurin hukumar tara kuɗin shiga ta jihar. Ita ana cire mata nata daga albashi duk wata, shi kuwa sai ya bayyana ribarsa ta shekara.

Haka tsarin yake a ƙarƙashin dokar harajin kuɗin shiga ta 1993, kuma sabuwar dokar da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ba ta sauya shi ba.

Inda bambancin yake

Sabuwar dokar ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara, sannan ta ɗora kashi 15 cikin ɗari a kan naira miliyan 2.2 da ke biye.

A ɗauki gidaje biyu, kowanne na samun naira miliyan 3 da za a yanka wa haraji. A gidan da miji kaɗai ke nema, zai biya naira 330,000. A gidan da miji da mata ke samun miliyan ɗaya da rabi kowanne, kowa zai ci moriyar yafiyarsa, su biya naira 105,000 kowanne, jimilla 210,000. Tukunya ɗaya ce, amma gidan farko ya fi biya da naira 120,000.

Wannan giɓi ne tsarin haɗaka ke ƙoƙarin cikewa. Amurka tun 1948, da Jamus tun 1958, sun ba ma'aurata damar haɗa abin da suka samu a yi musu lissafi guda. Faransa ma iyali take kallo a dunƙule, har da 'ya'ya. Sai dai masu suka na cewa tsarin yana sanyaya gwiwar mata wajen aiki, tunda ana ɗora ɗan abin da mace ta samu a kan na mijinta, ya faɗa matakin haraji mai tsada. Birtaniya ta koma tsarin rarrabewa a 1990. Kafin nan doka na ɗaukar kuɗin mace tamkar na mijinta.

A ƙasar Hausa rarrabewar ba baƙuwa ba ce. A shari'ar Musulunci dukiyar mace tata ce, ko sadaki ne ko gado ko ribar sana'a, kuma ita ke fitar da zakkarta. Akwai kuma tambayar da dokokin Turai ba su tanadi amsarta ba: magidanci mai mata uku, da wacce za a haɗa shi?

Raunin tsarin Najeriya shi ne bai duba nauyin iyali ba. Gwauro da mai ciyar da mutum goma sha biyar, in samunsu ɗaya, harajinsu ɗaya. A tsallaken iyaka kuwa, a Ƙonni, dokar Nijar tana rage wa ma'aikaci harajin albashi gwargwadon yawan waɗanda yake ɗauke da nauyinsu.