Razana da Hauka: Wane Suna Ya Dace da Wane Ciwo?

Bahaushe ba ya rowar sunaye idan hankali ya gushe. Akwai hauka, akwai taɓin hankali ga mai son sakaya zance, akwai "ya zare" a bakin samari, akwai bugun iska da shafar aljanu ga wanda ya riga ya yanke hukunci kan inda ciwon ya fito. Can gefe kuma ga wasu kalmomi da ba a cika lissafa su cikin cututtuka ba: firgita, razana, gigita, ɗimuwa. Razana tana da sanadi, tana da rana. Wani abu ne ya razana mutum, kuma ana iya tambayarsa mene ne. Hauka kuwa, da an furta shi tambaya ta ƙare. Wa zai zauna ya tambayi mahaukaci abin da ya gani?

A ɗauki matar da 'yan bindiga suka far wa ƙauyensu da asuba a kan babura. Watanni sun shuɗe, tana zaune a gari, a ido lafiyarta ƙalau. Amma da babur ya yi ƙara a lungu sai ta saki ƙwaryar da ke hannunta, ta shige ƙarƙashin gado tana kiran sunan ɗanta da aka kashe. Wannan ya wuce tunawa. A daƙiƙar nan tana can, har ƙaurin bukkokin da aka cinna wa wuta take ji. Maƙwabta za su ce ta taɓu. Likita zai ce PTSD, wato ciwon da ke biyo bayan mummunan tashin hankali.

Shi kansa wannan suna jiya-jiya aka raɗa shi. A yaƙin duniya na ɗaya, a 1915, wani likitan sojan Ingila, Charles Myers, ya yi rubutu kan sojojin da ke karkarwa suna kasa magana, da wani suna da ke ɗora laifin kan fashewar harsashin igwa. Sai a 1980, bayan tsofaffin sojojin Amurka da suka yi yaƙin Biyetnam sun matsa lamba, PTSD ya shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasar. Saikosis kuwa, wato rabuwar mutum da zahiri har ya riƙa jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ya kafe kan cewa ana farautarsa alhali ba hujja, kalma ce ta tun ƙarni na 19. Sikizofreniya, fitaccen ciwon da ke zuwa da ita, Eugen Bleuler na Suwizalan ne ya ba shi suna a 1908.

A takarda iyakar da ke tsakanin razana da saikosis a fili take. Mai razana abin da ya faru ne ke dawo masa, yawanci idan wani sauti ko wari ya tayar da shi, kuma in ya lafa ya san inda yake. Mai saikosis yana ganin abin da bai taɓa faruwa ba, ya kuma yi imani da shi. A ɗakin duba marasa lafiya kuwa iyakar takan ɓace. Muryar da majiyyaci ke ji sau da yawa ta wanda ya ci zarafinsa ce, da irin zagin da ya saba yi. Wani nazari da Filippo Varese da abokan aikinsa suka fitar a 2012, inda suka tattara bincike masu yawa, ya nuna cewa wanda ya sha azaba ko cin zarafi yana yaro, yiwuwar ya kamu da saikosis ta kusa ninka ta waninsa sau uku. Ba kowane mai saikosis ne ke da irin wannan tarihi ba, akwai gado, akwai ƙwaya. Sai dai wanda aka taɓa farauta da gaske, in ya ce ana binsa, sai a yi hattara kafin a kira zancensa sambatu.

Suna ne ke nuna hanyar magani. In aka ce iska, sai ruƙiyya. In aka ce hauka, a wasu gidajen har yau mari ne da turu. In likita ya rubuta saikosis, sai ƙwayoyi da allura, waɗanda kan kwantar da muryoyi amma ba su isa su raba matar nan da ƙarar babur ba. Ita tana buƙatar ƙwararren da zai bi labarin da ita sannu a hankali. Dokar Najeriya ma da sunan mahaukata ta zauna tun 1958, sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa.

Japan ta gwada sauya suna a 2002: ta yar da tsohon sunan sikizofreniya mai ma'anar tsagewar hankali, kuma likitocinta suka fi sakin jiki wajen gaya wa majiyyaci abin da ke damunsa. Mu a nan gidajen rediyo sun fi son "damuwa", kalmar da ke ɗaukar har rashin kuɗin cefane. Ta yi sauƙi da yawa ga wanda aka yanka mahaifinsa a gabansa. Ni "ciwon razana" na fi so, ko da yake shi ma bai rufe wanda razanarsa ta zarce har ya fara jin muryoyi ba.